Takardar Tumaki a Gafakar Malam Buba

Duk wanda ya zo rumfata a Kura ya ce yana son koyon sana'ar tsofaffin kuɗi, abin da nake fara miƙa masa shi ne buta da sabulu. Sai ka ga saurayi ya yi turus, ya dubi butar ya dube ni, wai shi ya zo ne a nuna masa yadda ake gane takardar kuɗin ƙasar Sin mai tsada. A waya ya gani. Wani ya ɗaga takarda a bidiyo ya ce ta sai mota, shi ke nan samarinmu suka tashi haiƙan, kowa yana birkita akwatin kakarsa. A ganinku sana'ar zaune ce, ka ɗauki hoto ka tura, kuɗi su faɗo. To ku gyara zama, tunda yau babu ciniki.

Aikin farko da maigidana Alhaji Inuwa ya ba ni a Kasuwar Kurmi shi ne tsince wani kwano cike da tsofaffin kuɗin ƙarfe. Lokacin ina saurayi, na gudo birni daga dashen shinkafa, don ni da laka ba ma ga maciji. A kwanon akwai anini, akwai kwabo mai huji, akwai sisi da sule, duk sun yi baƙi ƙirin. Ya ce in ware su bisa kan sarkin da ke jiki. Da na gama sai na ga ai ba su yi kyan gani ba, na miƙa hannu zan ɗauko toka da lemon tsami. Ya cafke wuyan hannuna.

"Sale, me za ka yi?"

"Zan goge su ne, Alhaji, su yi haske."

"Wannan baƙin da kake gani shi baƙo yake biya. Mu tsufa muke sayarwa. In kana son abu mai walƙiya, ga masu tasa can gaba."

Na daɗe a wurinsa ina taɓa ƙarfe kafin ya bar ni na taɓa takarda. Ranar da ya yarda kuwa, sai da ya sa na wanke hannu, na tsane shi da farin ƙyalle, ya kuma shinshina yatsuna ko akwai man ƙosai. Takarda ba ta mantuwa. In ka taɓa ta da maiƙo yau ba ka ganin komai, sai bayan shekaru tambarin yatsanka ya fito ɓaro-ɓaro. Ya koya mini in saurare ta: ka riƙe gefe ka ɗan kaɗa kusa da kunne, ta gaske tana da amo, wadda aka wanke aka goge kuwa laƙwas take kamar ganyen alayyahon jiya. Ya koya mini in shinshina, don jabun da aka jiƙa da ruwan shayi a tsofar da shi ba ya ɓoye ƙamshinsa. Ya koya mini in ɗaga ta a hasken ƙofa in nemi hoton da ke ɓoye cikin jikin takardar.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan a gabanku. Gilashin ido ɗaya irin na masu gyaran agogo. Hantsaki mai faɗin baki, wanda ba ya huda. 'Yar tocila mai shuɗin haske. Leda mai tauri, kowace takarda da ɗakinta. Sai littafin nan mai hotunan kuɗaɗen duniya da na gada daga Alhaji Inuwa, da wannan adaka. Ku leƙa ciki, za ku ga safa cike da gawayi. Ba tsafi ba ne. Mu nan ƙasar ruwa ce, rani da damina ƙasa jiƙe take, danshi kuwa ya fi ɓarawo ɓarna. Gawayin ne ke shanye shi. Ƙafafun adakar kuma a kan bulo suke saboda gara, wadda ba ruwanta da ko takardar daga ina ta zo.

A da masu sayen kayanmu Turawa ne masu yawon buɗe ido, da malaman makaranta masu son nuna wa yara fam da sule, da maƙeran da ke narka azurfa su yi zobe. Turawan suka yi ta raguwa. Da Alhaji ya rasu na tattaro adaka na dawo gida, na riƙa bin kasuwannin Bunkure da Garun Malam da Madobi da faranti a bayan babur. Sai ga Sinawa sun fara shigowa, masu sayen riɗi da zoɓo da masu kafa injin casar shinkafa. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya tsaya a gaban farantina, ya zuba wa wata takarda ido, mai hoton mace tana tuƙa tarakta. Ta yi shekaru a hannuna ba wanda ya taya. Ya ce da irinta uwarsa ke aikensa sayen gishiri. A ranar na gane mutanen nan suna bin tsofaffin kuɗinsu duk inda suka faɗa a duniya suna mayarwa gida. Na koma littafi na yi ta bitar shafukansu kamar mai shirin jarrabawa.

Kada yawan sifili ya ruɗe ku. Wani direba daga Madobi ya taɓa zuwa mini da sassarfa, ya ja ni bayan rumfa, ya zaro takarda daga hularsa. Ya tsince ta ne a cikin kwalin kaya. Sifilin da ke jikinta sun yi layi kamar motocin tumatir a bakin titi, ga hoton wani sarki mai gemu da hula mai tuntaye. Har ya gama zaɓen motar da zai saya. Na duba na ce masa wannan irin wadda Sinawa ke ƙona wa mamatansu ce, bisa al'adarsu.

"To yanzu Malam ba inda za a canza mini?"

"Akwai," na ce, "sai dai wanda ya je bankin ba ya dawowa."

Wata baiwar Allah kuma ta kawo mini takarda mai kyau ta gaske, amma don tsananin so ta kai an yi mata lamineshin kamar takardar shaidar makaranta. Wani ya bi tasa da dutsen guga, wani ya liƙe yagewa da salatif. Mutanenmu ba sa son kai abu gaban baƙo da datti ko a yamutse, wannan kirkin nasu kuwa ya kashe takardu fiye da yadda gara ta kashe.

Muguwar shekarata ita ce wadda aka rufe ruwan kanal ɗin ɓangarenmu don gyara, a tsakiyar rani, gyaran kuma ya ja lokaci fiye da yadda kowa ya zata. Tumatir ya riga ya yi fure. Mai hali ya haƙa 'yar rijiyar burtsatse a gonarsa ya ɗora inji, marar hali ya tsaya yana kallon ganye yana yaushi. A shekarar kowa mai sayarwa ne. Tsofaffi suka zazzage tukwane da ƙasan gado suna kawo mini kwabo mai huji, ni kuma ba mai saye a hannuna, ga tawa gonar albasar ita ma tana ƙonewa. Babu abin da ya kai wuya a sana'ar nan kamar tsohuwa ta kwance bakin zaninta a gabanka, ka duba, ka ce mata Iya wannan ba zai sai ko mudun gero ba. Na faɗi wannan maganar a shekarar har bakina ya gaji.

A cikin haka Malam Buba ya aiko in je. Bafulatani ne da ya daɗe da zama a wani ƙauye bayan Bunkure, yana noma yana kiwo, mun san juna tun a kasuwa. Na same shi a ƙofar gida da ƙwaryar tsofaffin sulalla na mahaifiyarsa. Na duba, ba abin kirki. Bai yi mamaki ba. Ya nuna mini wata saniya mai farin goshi ɗaure a gindin darbejiya, da tsohon ciki.

"Ka ga Wule? Ita kaɗai ta rage daga jinin shanun da Baffa mahaifina ya bar mini. Nonon gidan nan nata ne. In ban haƙa rijiya na sai inji ba, tumatirin ya tafi, abincin shekara ya tafi. Ranar kasuwar Bunkure zan ja ta."

Ya faɗa ne a hankali, yana kallon ƙasa. Wanda ya san Bafulatani ya san abin da ke cikin wannan magana. Na ce ko akwai wani tsohon abu da ya rage a ɗaki, ko na takarda ne.

"Akwai wata takarda. Amma ba ta sayarwa ba ce. Kana da alwala?"

Na ce ina da ita tun azahar. Ya ce in sake. Muka yi alwala mu biyu, ya shiga ya sauko da wata gafaka da ke rataye can sama kusa da azara. Alƙur'anin mahaifinsa ne, rubutun hannu, warƙa-warƙa. Ya buɗe wajen tsakiya da bisimilla, sai ga ta kwance.

Na sa gilashi. Launinta kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. A gaba garken tumaki ne suna kiwo. A baya kuma, maimakon rubutun Sinawa mai kama da tsinken tsintsiya, baƙaƙen Larabci ne zube. Na san ta a littafi, ban taɓa zaton zan gan ta da idona ba. Tana cikin kuɗin farko-farko da gwamnatinsu ta yanzu ta buga, irin waɗanda aka yi wa wani yankin Musulmi makiyaya na can yammacin ƙasar, aka kuma janye su da wuri. Ba ninki a jikinta, ba maiƙo, kusurwoyinta huɗu a tsaye. Na kaɗa ta a kunne ta amsa.

Malam Buba ya ba ni labarinta. Baffansa da ƙafa ya je Makka yana saurayi, ya yi shekaru a can yana kiwon tumakin layya. Suna kiwon tare da wani mutum mai jan kumatu da ƙananan idanu, ba mai jin yaren wani, sai dai su yi salla tare su ci tare. Ranar rabuwa mutumin ya zaro takardar, ya nuna tumakin, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna Baffa, ya danƙa masa. Da Baffa ya dawo ya kai wa malamin garinsu, malamin ya kasa karanta rubutun, ya ce tunda baƙaƙen Alƙur'ani ne a ajiye ta inda ake ajiye Alƙur'ani. Kun dai san mu, ko a hanya ka ga 'yar takarda mai rubutun Larabci sai ka ɗauke ta ka soke a katanga. Wannan ɗabi'ar ce ta tsare ta. Nauyin warƙoƙi ya danne ta, fata ta hana danshi, tsayi ya hana gara, kuma ba hannun da ya taɓa ta sai wankakke.

Alhaji Inuwa ya sha gaya mini, abin da ya fi ƙarfin aljihunka ka faɗa wa mai shi gaskiyarsa ka ci la'adarka. Na ce, "Malam Buba, wannan za ta haƙa rijiya ta sai inji, Wule kuma ta haihu a gindin bishiyarta."

Ya mayar da warƙa ya rufe.

"Wa zai saya?"

"'Yan Caina."

"Suna alwala?"

Na ce a'a.

"To in aya ce fa? In sa sunan Allah a hannun wanda zai jefa shi a aljihun wando? Gara tumatirin ya ƙone ƙurmus."

Na ɗauko littafi na nuna masa hotonta, na ce ga shi an rubuta da Turanci, sunan banki ne kawai. Ya duba hoton da kyau ya ce, "Wanda ya rubuta littafin nan yana salla?" Muka ɗunguma wurin limamin ƙauyen. Liman ya sa tabarau ya bi baƙaƙen da tsinke ba tare da ya taɓa ba.

"Ga harafin ba, ga nun, ga kaf. Amma haɗin ba Larabci ba ne, ba ajamin Hausa ba, ba na Fillanci ba. Malam Sale, abin da ban karanta ba, ba zan ce babu sunan Allah a cikinsa ba."

Ban ga laifinsa ba. Da kuɗinmu ne, ajamin da ke jiki kowa na iya karantawa ya ga adadi ne kawai. Wannan kuwa sai an sami Musulmin da yarensa ne. A ina, a bayan Bunkure?

Sai na tuna Alhaji Nura, ɗan ƙanwata da ke kasuwancin atamfa a birni, yana zuwa ƙasar Sin saro kaya. Ya taɓa ba ni labarin wani gidan abinci na Musulmi da 'yan Kano ke cin tsire da gurasa a can, mai gidan har limanci yake musu. Da izinin Malam Buba na ɗauki hoton bayan takardar na tura masa. Ya ce zai tura, amma mutumin ba ya cika duba waya. Kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum in bi ta gefen gonar Malam Buba in ga furen yana zuba, ga wani Basine mai sayen riɗi da na nuna wa hoton gaban yana ta buga mini waya kamar na ci masa bashi.

Saƙon bai shigo ba sai da hantsin ranar kasuwa. Na hau babur na bi hanyar gefen kanal, wanda ya bushe har yara na ƙwallo a ciki. Na tarar da Malam Buba ya riga ya yi nisa, igiya a hannu, Wule na binsa a hankali saboda nauyin ciki. Na sha gabansa na ce ya juyo mu je wurin Liman. Ya ce kasuwa za ta watse. Na ce ya ba ni rabin sa'a, in ba ta yi ba ni da kaina zan taya shi kora.

A zauren Liman na kunna saƙon. Murya ce ta dattijo. Ya fara da sallama cikakkiya, muka amsa masa duka kamar yana gabanmu. Ya karanta rubutun da yarensu, sannan ya yi bayani da Larabci mai sauƙi, a hankali. Liman ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya cire tabarau.

"Buba, sunan bankin ƙasarsu ne, da adadin kuɗin. Babu aya, babu sunan Allah. Ya kuma ce a gaishe da mai takardar, kakansa ma makiyayi ne."

Malam Buba ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Yau ga ikon Allah! Baffa ya yi ta alwala har ya mutu saboda sunan banki!" Sai dariyar ta tsaya. Ya dubi ƙofa inda Wule ke tsaye tana kaɗa jela. "Amma shi mutumin ai ba banki ya nuna masa ba. Tumakin ya nuna masa."

Na ji tausayinsa ƙwarai a lokacin. Abu biyu Baffansa ya bar masa, kuma dole ɗaya ya tafi. Ban ce masa komai ba, don mai kimanta kaya aikinsa ya faɗi daraja, ba ya zaɓa wa mutum. Can ya tashi ya kwance igiyar daga turken Liman, ya juya kan saniyar zuwa gida.

"Kira ɗan Cainan," ya ce. "Takarda ba ta haihuwa."

Washegari da safe Basinen ya zo da tafintansa. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na shimfiɗa farin ƙyallena a kai. Malam Buba ya ɗauki buta ya koma gefe ya fara alwala. Na ce, "Malam, ai an ce babu aya."

"Na ji. Hannuna ne ya saba."

Ya sauko da gafakar, ya buɗe, ya ɗauko takardar da hannu biyu. Amma bai miƙa ba. Ya tsaya yana kallon hannun baƙon, har na ga alamar zai fasa. Basinen bai san abin da ake ciki ba. Jakarsa kawai ya buɗe, ya fito da kwalbar ruwa, ya matsa gefen tabarma ya wanke hannuwansa har wuyan hannu, ya tsane su da hankici. Sannan ya zaro farar safar hannu ya sa, yatsa bayan yatsa. Ya ɗan sunkuyar da kai, ya tara tafukansa biyu, ya ma ɗauke numfashi kada hucinsa ya taɓa ta.

Malam Buba ya juyo ya dube ni.

"Ashe shi ma da tasa alwalar."

Ya ɗora masa ita a hannu.

An haƙa rijiyar a makon. Gefen gonar da ke kan tudu ya riga ya tafi, sauran ya farfaɗo ya yi 'ya'ya. Wule ta haifi karsana mai farin goshi irin nata, kuma in kun bi hanyar kanal da yamma yanzu, 'yan shanun da za ku gani suna gangarowa shan ruwa jikokinta ne. Ni la'adata ta fitar da ni daga shekarar. Na koma gidan bayan wani lokaci, Malam Buba ya buɗe mini Alƙur'anin a daidai wurin. Takardar ta bar shatarta a jikin warƙar, ɗan fili mai kusurwa huɗu da ya fi sauran haske. Ya ce in ya zo nan a karatu yakan tsaya ya yi wa Baffa addu'a, da mai jan kumatun da bai taɓa sanin sunansa ba.

Ga buta nan, ga sabulu. Wanda ya ci ƙosai ya wanke sau biyu.